Yadda Ɗan Kwalisa Ya Sami Malafa

Ranar da aka kaɗa ƙuri'a a cikin garwar madara sunan Don Fulgencio Cantú ya fito, tun kafin a ninke takardar ya riga ya zaɓi bangon da zai kafa ƙahon. Shekara tara yana jiran wannan rana. Izinin harbin barewa shida kacal ake ba garinmu, Noria Seca, a kowace shekara, magidanta kuwa sun haura arba'in. A cikin shekaru taran nan Don Fulgencio bai harbi ko zomo ba, amma babu barewar da wani ya kawo gari bai tsaya a kanta ya lissafa kurakuran maharbin ba.

"Ni daga bayan tudun can nake gane shekarun namijin barewa," haka yake cewa a ƙofar shago. "In dubi wuya, in dubi tumbi, shi ke nan. Wani lokaci ma tari kawai zai yi, in faɗa maka watan da aka haife shi."

Dokarmu guda ce, kowa ya san ta: ba a taɓa namijin da bai cika shekara biyar ba. Wanda ya yi harbi zai ciro muƙamuƙin ƙasa tun a daji, ya kawo ya ajiye a gaban Doña Eduviges, tsohuwa mai kiwon awaki wadda ta fi shekara hamsin tana leƙa bakin dabbobi. Haƙori ne shaida, ba bakin maharbi ba. In ta ce ƙarami ne, sai a cire malafar mutum a bainar jama'a, a kafe ta da ƙusa a jikin itacen meskite na ƙofar shago, ta shekara a can, shi kuma ya yi ta yawo kai a buɗe.

Ga sauran maza wannan kunya ce ta shekara ɗaya. Ga Don Fulgencio kuwa mutuwa ce da sauran numfashi. Shekara ashirin da biyu ba wanda ya ga tsakiyar kansa sai matarsa Herlinda. Ko a coci bakin ƙofa yake tsayawa, wai zafin ciki yana sa shi jiri, don dai kada ya cire malafa. Yana gaya wa mutane cewa sumarsa ta karya mataji uku a bara. Abin da ke ƙarƙashin malafar kuwa sanƙo ne fes, kamar ƙwan da aka ɓare.

To, a dajinmu a lokacin akwai wani namijin barewa da muke kira Ɗan Kwalisa, saboda yadda yake taku kamar mai sabon takalmi. Mazan barewar dajinmu ƙahonsu reshe-reshe ne, duk shekara suna zubar da shi su fitar da sabo. Shekararsa biyu da rabi, kowa ya san shi tun yana da ɗigo-ɗigo a jiki, amma ya fitar da ƙaho mai reshe goma, abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani a irin shekarunsa ba. Gari ya haɗu a kan a bar shi ya girma. Wannan ƙaho ne ya hana Don Fulgencio sakat.

"In na bar shi, wa zai samu?" ya tambayi Herlinda tana tsaka da gasa tortiya, gurasarmu ta masara. "Nan da shekara uku ƙuri'a ta faɗa wa Nabor, ya rataye shi a ɗakinsa, in riƙa zuwa kallo kamar baƙo."

Nabor shi ne compadre ɗinsa, wato wanda ya riƙe 'yarsu ranar baftisma. Tun suna samari suke abota, kuma tun suna samari ba wanda ya taɓa yarda ɗan'uwansa ya fi shi ko da tsawon gashin baki.

"Ga Kaka can," in ji Herlinda, tana nufin tsohon namijin da ƙahonsa ya karye gefe guda. "Harbo shi mu ci nama."

"Ni in rataye ƙaho ɗaya da rabi a bango? Mace, ba ki san wanda kike aure ba."

"Na san shi sarai. Ni nake wanke malafar."

Sai ya rage murya ya zayyana mata dabarar. Zai harbi Ɗan Kwalisa, ya binne muƙamuƙinsa a daji, ya kawo wa Doña Eduviges wani tsohon muƙamuƙi da haƙoransa suka cinye. Na akuya da na barewa kusan ɗaya ne, in aka shafa jini wa zai bambance? Doka ta ce haƙori ne shaida. To ga haƙori.

Herlinda ta juya tortiya. "Matar da take kwana da awaki za ka yaudara da bakin akuya?"

"Idonta ya mutu. Jiya ta gaishe da turken wuta."

"Kai ta gaisar, kana tsaye a bayansa."

Sa'a ta zo masa da kanta, ko kuma abin da ya ɗauka sa'a ce. A makon nan za a yi bikin gari, kuma Doña Eduviges ta ba da tsohon bunsurunta, Janar, a yanka. Janar ya shekara goma sha biyu yana tunkuyin duk wanda ya sunkuya a garin nan, warinsa kuwa yana riga shi shiga lungu. Ana gama yanka, Don Fulgencio ya matso yana murza hannu.

"Doña, kan nan fa? Ni na fi kowa son romon kai."

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa. "Kan Janar? Ko karnuka sai sun yi shawara."

"Likita ne ya ce in riƙa ci. Yana ƙara suma."

"Ashe. To ɗauka, kada sumar ta ragu."

Ya naɗe kan a buhu ya nufi gida, karnukan gari bakwai suna biye da shi a jere kamar masu rakiyar gawa. Herlinda ta tsaya a ƙofa da tsintsiya ta ce ko shi ko kan, ɗaya ne zai shiga. Ya zagaya bayan akurki ya ciro muƙamuƙin, ya ɓoye shi a cikin tsohon takalmi, karnuka suka tono. Ya ɗora shi a kan rufi, ungulaye suka fara shawagi a saman gidan, har maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko surukarsa lafiya. A ƙarshe ya naɗe shi da tsumma ya cusa cikin rigarsa, a nan ya zauna.

Sauran kan kuma dole ya ci, don Doña Eduviges ta aiko a tambayi yadda romon ya yi. Ya dafa da kansa a gwangwani a bayan gida, ya sha yana hawaye. Kwana uku ko kajinsa ba sa matsowa kusa da shi.

A haka ya je ƙofar shago don ya share fage. Mutanen da ke kan benci suka matsa gefe guda, ya ɗauka girmamawa ce.

"Jama'a, na daɗe ina nazarin Ɗan Kwalisa," ya ce yana gyara malafa. "An yaudare ku. Wancan ɗan da kuka sani karnukan daji sun cinye shi tuntuni. Wannan kawunsa ne. Shekararsa shida, yana neman bakwai."

"Compadre," in ji Nabor, hannunsa a hanci, "kawun nan wuyansa siriri ne kamar na zakara."

"Ciwon ciki ya yi."

"Ƙafafunsa fa, zaro-zaro?"

"Gadon gidansu ne. Kai ma ai dogo ne, an ce maka yaro?"

"Bayansa a miƙe yake, tumbi babu."

"Yana kula da kansa. Ba kowa ne ke sakin jiki irinka ba."

Nabor ya ɗaga kai ya dubi itacen meskite, inda malafu biyu na bara suke lilo sun koɗe. "Akwai sauran wuri a reshen can na dama, compadre. Inuwa ce mai kyau, ba za ta koɗe da wuri ba."

"Malafar nan," in ji Don Fulgencio yana buga gefenta da yatsa, "ranar da za ta bar kaina, ranar za ku ga barewa ta yi ado."

Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, don ya ɗauka ya yi nasara.

Ranar Asabar da hantsi ya fito, bindigar mahaifinsa a kafaɗa, muƙamuƙin Janar a ƙirji, igiyar malafa ɗaure a haɓa saboda iskar arewa. Ya riƙo tsofaffin ƙahoni guda biyu. Lokacin barbara ne, kuma a lokacin nan in ka ɓuya ka gwara ƙaho da ƙaho, duk namijin da ke kusa zai ɗauka faɗa ake a kan mace, ya taho a guje. Masu hankali suna gwarawa kaɗan su saurara. Don Fulgencio ya durƙusa a bayan wani ɗan kurmi kusa da tankin ruwan gari, ya yi ta gwarawa kamar mai kiran yara makaranta.

Da farko jakin Nabor ne ya zo, ya tsaya yana kallonsa. Ya jefe shi da dutse. Sai karnuka uku suka iso, sun biyo warin tun daga gari, ya kore su da zagi ƙasa-ƙasa. Ya sake gwarawa, har da ɗaga ƙahonin sama da kansa yana kaɗawa, wai don abin ya yi kama da gaske.

Sai ga Ɗan Kwalisa.

Ya fito daga cikin ƙaya, taku kamar talatin, ya tsaya a fili rana tana dukan ƙahonsa. Don Fulgencio ya ajiye ƙaho ɗaya, ya jawo bindiga ya saita. Ta cikin madubin bindigar ya ga abin da kowa yake gani ba da madubi ba: siririyar fuska, idanu tar, jiki sumul, yaro ne ƙarami wanda ƙaho ya yi wa yawa. Wani abu mai kama da tausayi ya taso masa. Ya sauke bindiga.

Ya tuna bangon ɗakin Nabor. Ya ɗaga bindiga.

Ya tuna ƙusa da itacen meskite. Ya sauke.

Ya shafa ƙirjinsa ya ji muƙamuƙin yana nan. Ya ɗaga.

"Shekara shida," ya raɗa wa kansa. "To, biyar. Huɗu da rabi ma ai kusan biyar ne. Kai, ko dai in bar shi? In na bar shi wa zai san na bar shi?"

Yana ta ɗagawa yana saukewa kamar mai famfon rijiya, bai lura iska ta juya ba. Ta kwashi warin Janar, na ciki da na ƙirji, ta kai wa Ɗan Kwalisa. Ɗan saurayin ya shaƙa, ya dubi kurmi, ya hango ƙaho ɗaya yana leƙe, don mutumin naku ya manta yana riƙe da shi tare da bindigar. Ga ƙaho, ga warin tsohon namiji. Bai tsaya shawara ba, shi kam. Ya sunkuyar da kai ya taho.

Don Fulgencio ya miƙe zai gudu, ƙafarsa ta harɗe da ɗayan ƙahon. Ya duƙa, Ɗan Kwalisa ya zo ta saman kansa, reshe guda ya huda malafar, wani ya kama igiyar ya zare ta daga haɓa. Mutumin ya tafi da baya ya zauna daram a tsakiyar ƙayar nopal. Bindiga ta tashi. Harsashin bai sami barewa ba, bai sami jaki ba, ya je ya sami abin da ya fi komai girma a wurin, wato tankin ruwan gari.

A ƙofar shago aka ji harbin. Doña Eduviges ta sa aka fito mata da tebur, ta goge tabarau ta zauna jira. Ba a ga maharbi ba, sai aka hango ruwa yana tsiri daga tanki kamar zare. Nan da nan gari ya ɗunguma, maza a bayan motar Nabor, mata a ƙafa, tsohuwar a gaba kusa da direba.

Sun iske shi zaune cikin ƙaya, ruwa yana zuba a kansa, ya cire rigarsa ta sama ya naɗe kan da ita kamar mai ciwon haƙori.

"Compadre, ina naman?" in ji Nabor.

"Na bar shi," Don Fulgencio ya amsa da murya irin ta limamin coci. "Ya zo har gabana, ya tsaya. Na dube shi, na ce a'a, yaro ne, bai isa ba. Babban maharbi shi ne wanda ya san lokacin da zai sauke bindiga."

"Ba kawun ba ne ke nan?"

"Kawun ya yi tafiya. Wannan ɗan ne."

"Harbin fa?"

"Gargaɗi ne. Na koya masa tsoron mutum, don kada wani marar imani irinka ya same shi da sauƙi."

"Tankin ma ya koyi tsoron mutum," in ji wata mata daga baya. "Da me za mu yi wanki?"

Duk da haka wasu sun fara gyaɗa kai. Mutum ya jira shekara tara, ya sami reshe goma a gabansa ya bari, ai abin yabo ne. Har wani ya ce ya kamata a ba shi ƙuri'ar baɗi. Don Fulgencio ya ji haka, ya fara kumbura a cikin ƙayar, yana bayanin yadda ya karanta shekarun a gwiwar dabbar. Da ya yi shiru a nan, da yau wani labarin muke ba ku.

Maza biyu suka kama hannayensa suka fizgo shi. Da ya miƙe, tsumman da ke cikin singiletinsa ya zame ya faɗo, ya warware a gaban takalmin Doña Eduviges.

Jama'a suka matso suna leƙe.

"Wannan fa?" in ji Nabor. "Wanda bai harbi komai ba ya zo da muƙamuƙi?"

"Na nazari ne," Don Fulgencio ya ce da sauri. "Na wani ƙaton namijin barewa ne da na kashe a ƙuruciyata, a can wajen iyaka. Reshe goma sha shida. Da shi nake gwada shekaru."

"Tun ƙuruciyarka, kuma har yanzu da nama a jiki?"

"Sanyi ne ya adana shi."

Tsohuwar ta sunkuya ta ɗauka. Ta juya shi, ta sa babban yatsa ta shafa turamen haƙoran, ta kai hanci.

"Shekara goma sha biyu," ta ce.

"Kun ji ko?" Don Fulgencio ya waiwayi jama'a. "Ba na faɗa ba?"

"Wannan haƙorin da ya ɓalle," ta ci gaba, "a bakin bahon wankina ya ɓalle, shekarar da aka yi ƙanƙara. Wannan kuma da ya karkace, ƙofar coci ya ciza." Ta riƙe muƙamuƙin a tafin hannu kamar mai riƙe jariri. "Janar, ashe barewa ka zama bayan mutuwa. Reshe goma sha shida, ni ban sani ba ina ta ba ka ɓawon masara."

Dariyar da aka yi ta kori jakin Nabor. Herlinda, wadda ta iso da hantsaki don cire ƙaya, ba ta yi dariya ba. Ta ce kawai, "Na gaya maka."

Sai gardama ta tashi a kan hukunci. Wasu suka ce doka ta yi maganar wanda ya kashe, shi kuwa tanki kawai ya kashe. Wasu suka ce wanda ya taho da haƙorin aro ai ya riga ya kashe a zuciyarsa. Nabor ya ce shi dai ya zo da guduma da ƙusa, bai ga dalilin mayar da su gida haka nan ba.

"To miƙo malafar mu gani," in ji Doña Eduviges. "Ina take?"

"Tana hutawa," in ji Don Fulgencio, ya ƙara damƙe rigar da ke kansa.

A daidai nan wata mata ta nuna tudun da ke bayan tanki. Kowa ya juya. Ga Ɗan Kwalisa tsaye a saman tudun, ƙirji a gaba, malafar Don Fulgencio a soke a ƙahonsa na hagu, ta ɗan karkace gefe yadda mai ita yake karkata ta ranar biki. Ya girgiza kai, ba ta faɗo ba. Ya dube mu, ya yi takun nan nasa na mai sabon takalmi.

"Barewa ta yi ado," in ji Nabor a hankali. "Compadre, yau dai ka faɗi gaskiya."

Don Fulgencio ya manta da komai. Ya saki rigar ya wawuri bindiga. "Ɓarawo! Malafata!"

Rigar ta faɗi. Rana ta sauka a kan sanƙon, jiƙe da ruwan tanki, yana ƙyalli har sai da na kusa suka ƙifta ido. Shekara ashirin da biyu na ɓoyo suka ƙare a tsaye, a gaban mata da maza.

"Mataji uku," wani ya ce.

"A kan me suka karye?" wata ta tambaya.

Doña Eduviges ta ɗora hannu a kan bakin bindigar ta danna shi ƙasa. "Ajiye, Fulgencio. Kai da bakinka ka ce yaro ne, bai isa ba. Mun ji, mun shaida." Ta juya ga Nabor. "Mayar da ƙusarka. Doka ta ce a rataye malafa inda kowa zai gani. Ga ta can a rataye, har tana zagaya gari da kanta."

"Yaushe zan same ta?" ya tambaya, muryarsa ta koma ƙarama, tafin hannunsa ɗaya a tsakiyar kai.

"Kai da ka san watan da aka haife shi, ba ka san watan da yake zubar da ƙaho ba? Jira watan uku. In ya yar, ka je ka tsinta."

Haka aka yi. Ya liƙe tankin da hannunsa, kai a buɗe, mata suna tsaye da bokitai suna ba shi shawara. Izininsa ya ƙare bai harbi komai ba, don duk sanda ya shiga daji sai ya ga kamar kowace dabba kallon kansa take. Wata uku cur, duk wanda ya haɗu da Ɗan Kwalisa a hanyar tanki sai ya taɓa gefen malafarsa ya ce, "Barka da hantsi, Don Fulgencio." In kuwa mai sunan aka gamu da shi a ƙofar shago, sai a dubi sanƙon a tambaye shi ko shi ya riga ya zubar da nasa ƙahon.

Da watan uku ya kama, Nabor ne ya tsinci ƙahon hagun a gindin wata ƙaya, malafar tana soke a jiki. Ya kawo wa compadre ɗinsa malafar har gida, da huda biyu da warin daji. Ƙahon kuwa, mai reshe biyar, ya kafa shi a bangon ɗakinsa.

Don Fulgencio yana zuwa kallo duk ranar Lahadi.